Waƙar Da Zarto Ya Cinye

Na san shekaruna ba su kai na masu cewa "a zamaninmu" ba. Gwaggona in ta ji na faɗa sai ta ce in bari furfura ta fito tukuna. To ni ba zan jira furfura ba. Akwai garin da in ka bar shi damina biyu ka dawo, sai ka tarar an share ka daga cikinsa kamar ba ka taɓa taka shi ba, kuma duk wanda ya yi ƙuruciya a irin wannan gari da wuri yake tsufa. Guangzhou ke nan, a ƙasar Sin. Kwanan baya na koma sayayya, ƙafata ta ɗauke ni zuwa layin da wani sito yake ba tare da ta yi shawara da ni ba. Ba sito, ba layi. Gilashi ne daga ƙasa har sama, da wata yarinya a bakin ƙofa tana tafa hannu tana kiran masu sayen rigar waya. Na ɗan tsaya kamar wadda ta manta abin da aka aike ta, sannan na juya.

Ina gama sakandare aka sa ni a jirgi aka turo ni wurin Gwaggo, ƙanwar mahaifina, mai dafa wa 'yan kasuwarmu abinci a wani falo a unguwar Xiaobei. Ba gidan abinci ba ne mai allo a ƙofa, wanda ya sani ya sani. Aikina wanke tukwane a kicin ɗin da ba ka juyawa sai ka bugi wani abu, da tankaɗe, da kai kuloli sito-sito. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa a akwatin alhazai suke zuwa daga Kano, Gwaggo ta kulle su a loka kamar gwal. Kamannin garin sun fara ɓace min, amma ƙararsa tana nan. Kukan salatif idan ana naɗe dila, tun safe har magariba, kamar ana yaga sabon yadi a cikin kunnenka. Ƙugin baro ɗauke da kayan kasuwar Shisanhang. Ɗigar ruwan na'urar sanyaya ɗaki a kan rumfar kwano. Tsofaffin benenmu suna cuɗa ƙwayoyin wasansu a kan tebur kamar ana wanke tsakuwa. Da kuma "meyo, meyo" na masu shago, wato babu, kalmar da na riga gaisuwa koya.

A cikin masu cin abincinmu akwai wani dattijo ɗan zangon Kumasi mai aika kaya Gana. Baba Kumasi kowa yake ce masa. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, da farko "kai" yake ce min, sai da Gwaggo ta rantse ba zai sake ganin miyarta ba in bai gyara ba, sannan ya koyi "ke". Wata Lahadi bayan la'asar na kai masa kula sitonsa, tun daga waje na ji wani abu kamar aljanu suna kokawa da janareto. Na shiga na tarar da shi zaune a kan dila, ido a rufe, kusa da shi wani saurayi ɗan Damagaram mai sayen kayan babur, shi ma ya yi tsit kamar ana huɗuba.

Na ce, "Baba, injin ne ya lalace ko da gangan ne?"

Bai buɗe ido ba. Ya ce, "Ajiye kular ki zauna. Ba a shigowa tsakiyar faifai a yi magana."

Na zauna ne don in karɓi kular Gwaggo in tafi. Ban san yadda aka yi ba, Lahadin da ta biyo ni na riga su zuwa.

Faifan na wasu Turawa ne masu gashi har kafaɗa, sun yi shi tun ba a haife ni ba. A jikin kwalinsa akwai hoton wata tsohuwar buta a kan dutse a bakin ruwa, don haka Mai Buta muke ce masa, ba wanda ya damu da sunansa na gaskiya. Kuma faifan mai rauni ne. A ƙasashen Turawa in faifai ya yi kwantai, kamfani sai ya sa zarto ya tsaga gefensa don kada a sayar, a loda a kwantena a matsayin bolar roba a kawo Sin a narka. 'Yan Sin kuwa ba sa narka abin da za a iya sayarwa. A saman wata kasuwar kayan kwamfuta akwai wani lawban, wato mai shago, siriri mai haƙoran taba, da kwalaye cike da irin waɗannan faifai, kowanne da tsagarsa kamar 'yan gida ɗaya. Irin wannan faifai daga tsakiya yake fara karatu ya nufi baki, saboda haka kullum waƙar ƙarshe zarton yake ci. Mai Buta ma haka. Komai yana nan garau sai ta ƙarshe. In na'ura ta isa wurin sai ta yi ta shaƙuwa, Baba ya yi maza ya kashe.

Wannan waƙa ita Baba yake jira. Duk mako sai ya hau benen nan ya tambayi lawban ko an samu wanda zarto bai taɓa ba, lawban ya ce meyo, ya dawo gobe. Ɗan Damagaram ya sha ce masa, "Baba, wannan fa a kafe na intanet kafin ka shanye shayinka an sauko maka da ita daga kwamfuta. Vwala, an gama."

Baba ya ce, "Waƙar da ba ta da jiki ba na so. Abin da ba ka riƙe a hannu ka hura masa iska ka goge da bakin riga ba, ba naka ba ne. Aro ne."

Na ce, "To ka mutu kana jira."

Ya ce, "Gaggawa, sannu ba ta hana zuwa." Sunan da ya sa min ke nan, Gaggawa.

Al'adarmu kuwa ita ce ta rimot. Na'urar Baba tana da wani maɓalli da za ka jera mata waƙoƙi yadda ka ga dama, ka ce ta fara da ta bakwai ta koma ta biyu, ta bi. Kowace Lahadi mutum ɗaya ne ke riƙe rimot, ya jera nasa tsarin, a saurara daga farko har ƙarshe ba tari ba tsaki. Sai an gama a yi faɗa. Kuma faɗa muke yi na gaske, irin na 'yan ƙwallo. Ni masu zafin nake tarawa a gaba, in watsa masu sanyin a baya, wanda zai yi gyangyaɗi ya yi shi a ƙarshe. Ɗan Damagaram ya ce wannan ba tsari ba ne, cin nama ne a bar tuwo. Shi nasa kamar tafiyar babbar mota yake jera shi, a tashi a hankali da sanyin safiya, a ci wuta da rana, a sauka da la'asar ana jan birki. Na ce masa motarsa tun a tasha take kashe fasinja da barci. Ya ce, "Bon, 'yar Kano, ku ko sallama ma da gudu kuke yin ta."

Tsarin Baba shi ne bai taɓa canzawa ba. Yana saurayi ya san wannan kiɗa a shagon wani tela a zango, a baƙin faifan garmaho mai fuska biyu. Takardar da ke tsakiyar faifan kyankyasai sun cinye, ba mai sanin wace fuska ce ta fari, sai suka saba farawa da ta biyu. Haka suka tashi, haka suka yi samartaka, haka suka yi aure. Don haka a wurin Baba waƙar da zarto ya ci ba ta ƙarshe ba ce. Tsakiya take, daidai inda telan zai ɗage ƙafa daga keke ya tashi ya juya faifai. In ranar Baba ce da rimot, muna isa wurin sai ya tsayar da na'ura, mu zauna shiru tsawon waƙar da babu ita. Shi yana kaɗa kai, yana buga gwiwa da yatsu, leɓensa na motsi. Mu muna jin salatif na siton maƙwabta. Wannan shiru ya fi komai ci min rai a lokacin. Nakan ce, "Baba, magariba fa za ta yi." Ya ɗaga min hannu. Sai ta ƙare a kansa sannan ya saki na'urar.

Yanzu in na ga yaran shagona da waya a hannu, babban yatsa na ta shafa, waƙa ba ta kai ga amshi ba an tsallake ta, sai in tuna da Lahadinmu a sito. Duk kiɗan duniya yana aljihunsu, ba tsaga ba ƙura, amma ban taɓa ganin biyu daga cikinsu sun zauna sun ji abu ɗaya har ƙarshensa ba, balle su yi faɗa a kansa. Na taɓa gwada ba wata labarin shirun Baba. Ta ce, "Anti, ba caji ne ya ƙare ba?" Ban ƙara ba.

Wata rana lawban ya kira Baba gefe da murna, ya ce faifai dai meyo, amma ga fim ɗin yadda aka yi shi. Ranar har Gwaggo sai da ta biyo ni, wai ta ga aljanun da suke riƙe mata yarinya da kula. Muka jingina ƙaramar talabijin a kan kwali. Sai ga masu gashin nan sun tsufa. Ɗaya sanƙo, ɗaya da tumbi da tabarau a wuya, ɗaya hotonsa kawai ake nunawa don ya rasu. Biyu daga cikinsu ba sa ga maciji, kowa a ɗakinsa aka yi hira da shi, kowa yana cewa shi ne ya kawo waƙa kaza. Baba ya matso yana ƙura musu ido. Shi a ransa har yanzu samari ne marasa riga.

Gwaggo ta ce, "Waɗannan ne? Wannan ai kamar mai gadin banki."

Can sai mai tabarau ya faɗi maganar da ta tayar da sito. Ya ce jerin waƙoƙin da ke kan faifan ba su suka yi shi ba, wani mutumin kamfani ne ya auna tsawon kowace fuska ya cusa su yadda za su shiga, su ko tambayarsu ba a yi ba. Ɗan Damagaram ya miƙe tsaye yana nuna talabijin. "Kun ji ko? Ashe kowa da gaskiyarsa. Ashe mu ma mawaƙa ne." Ni kuma na juya na ce, "Baba, ka dai gani da idonka, fuskar da kuke farawa da ita ta biyu ce. Telanku a juye ya raine ku." Ya ce, "Kamfani ne ya yi kuskure. Kyankyasai suka gyara."

Sai fim ya zo ƙarshe, allo ya yi baƙi, sunaye suka fara hawa, a ƙarƙashinsu aka ji jita ta taso a hankali. Baba ya dafe hannuna. Ita ce. Ko numfashi biyu ba a yi ba hoton ya yanke ya koma allon farko, da rubutun Sinanci yana walƙiya. Masu kwafar fim ba sa ɓata wuri a kan sunaye. Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Malam, wannan waƙa an yi maka farraƙu da ita." Shi ma ya yi dariya. Amma bai ci tuwonsa ba ranar.

A wannan shekara ne Sin ta ɗauki baƙuncin wasannin Olamfik. A Beijing za a yi, nesa da mu, amma tsintsiyar har ƙofarmu ta zo. Aka shafe bango da fenti, aka rataya tutoci, aka kori masu tebur daga kan gada. Kasuwar saman benen nan aka rufe ta, lawban ya ɓace da kwalayensa ba sallama. Sannan aka zo kan biza. Da can in taka ta kusa ƙarewa sai ka tsallaka Hong Kong ko Macau ka sabunta ka dawo ka ci abincin dare. Sai aka ce a'a, kowa ya koma ƙasarsu ya nemo, kuma waɗanda suka tafi ba mu ga suna dawowa ba. 'Yan sanda suka fara tare mutane a bakin gada da ƙofar bene, fasfo, fasfo. Mai gidanmu ya ce wa Gwaggo ƙafafu sun yi yawa a matakalarsa, ta sauke tukunya. Ɗan Damagaram ya tafi Yamai neman biza, ya ce mu ajiye masa Lahadinsa, yana da sabon tsari da zai rufe mana baki. Ba mu ji tsarin ba har yau.

Bizar Baba ma ta ƙare. Gwaggo ta ce, "Malam, baƙo raɓa ne. Ka tafi da mutuncinka, in ƙura ta lafa ka dawo."

Ya nuna wata jaka mai ratsi-ratsi a gefen sito, irin wadda muke kira da sunan ƙasarsu. Ya ce, "Hajiya, kun taɓa korata daga ƙasarku da wannan a ka, ina da ƙarfina. Na isa zango na tarar shagon telan ya zama wurin sayar da gawayi. Yanzu in na koma wa zan tarar? Kaburbura. Ba na sake ɗaukar jakar nan."

Bai tafi ba. Ya bar sito da manyan lasifikansa a hannun wani, ya koma can Panyu a bayan gari, wani ɗaki a bayan masana'antar ɗinki wanda aka kama da sunan wani. Ba ya fita sai dole. Mai ɗakin ya gindaya masa sharaɗi ɗaya, kada maƙwabta su san akwai mutum a ciki. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Mu ma tafiyarmu ta matso. Sai na ga in na biye wa haƙurin tsohon nan zan bar garin bai ji waƙarsa ba. Na shiga kafe, na nuna wa yaron wurin kwalin Mai Buta, ya sauko da komai ya zuba min a farin faifai. Na sa ya jera su a tsarin Kumasi, fuska ta biyu a gaba, waƙar a tsakiya inda take. Na sayi 'yar ƙaramar na'urar hannu da iyafis, na zuba tuwo a kula, na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa har inda ya kusa ƙarewa. A hanya ina ta shirya amsar da zan ba shi in ya fara maganar waƙa marar jiki.

Ya rame. Labulen tagarsa a sauke da rana tsaka, takalmansa a ciki ba a bakin ƙofa ba. Muryarsa ma ya rage ta, da ƙyar nake jin gaisuwarsa. Na miƙa masa farin faifan na ce, "Daga kwamfuta ne. In za ka yi faɗa ka yi, na gaji." Ya juya shi, ya hura masa iska, ya goge da bakin riga. Bai yi faɗa ba. Da ya yi da na fi so.

Na ce in kai shi kan waƙar kai tsaye. Ya ce a'a, a bi layi. Ya ɗauki iyafis ya sa guda ɗaya a kunnen dama, ɗayan ya bar shi yana reto a ƙirjinsa.

Na ce, "Biyu ake sawa, Baba."

Ya nuna ƙofa da haɓa. "Wannan kunnen na matakala ne."

Muka zauna. Ni ba na jin komai sai ɗan tsit-tsit daga wanda ke reto, da kekunan masana'anta ta bayan bango. Waƙoƙin suka wuce ɗaya bayan ɗaya, na gane su a yatsunsa. Da aka iso wurin sai yatsun suka tsaya. Ya ɗaure fuska, ya karkata kai, ya duba na'urar, ya dube ni.

"Gaggawa, ina mai waƙar? Ganga ce kawai da jitar ƙasa, mai gurnanin nan. Ba murya."

Na karɓi mai reton na sa a kunnena. Ga muryar nan, ga jitar da muka ji a fim. Ashe mutanen da haka suke haɗa kiɗansu, su zuba ganga a gefe ɗaya, murya a ɗaya gefen. A sito lasifika biyu ne suke haɗa mana su a iska, shi ya sa ba mu taɓa lura ba.

Na ce, "Rabinta na nan, rabinta na can. Sai ka sa duka biyun. Ni zan tsaya a ƙofa in ji maka matakala. Kunnena ya fi naka."

Na tashi na jingina da ƙofar. Ya daɗe yana kallona, sannan ya sa na biyun. Na mayar masa da waƙar farko. Na ga kafaɗunsa sun sauka, idonsa ya rufe, leɓensa ya buɗe zai bi. Sai wani ya saki ƙofar ƙarfe a ƙasan bene. Ni ko motsi ban yi ba, na san mai kawo tukunyar gas ne, ina jin ƙarar tukunyar a kan matakala. Shi bai ma ji ƙarar ba, girgizar ce ta zo masa ta bango. Kafin in ce wani abu ya fizge duka biyun, yana tsaye a tsakiyar ɗaki.

Na ce, "Mai gas ne."

Ya ce, "Na sani." Ya koma ya zauna.

Na ce a sake. Ya gwada. Bai kai ga shigowar murya ba hannunsa ya tashi da kansa ya cire na hagu. Ya kalli hannun kamar na wani. Daga nan bai ƙara gwadawa ba. Ya ji ta da dama har ƙarshe, ganga da jitar ƙasa. Ya ce in mayar, ya canja, ya ji ta da hagu, murya da jita tsirara ba abin da ke riƙe da su. Sannan ya naɗe wayar a yatsunsa a hankali ya ajiye kusa da kular da bai buɗe ba.

Ya ce, "Ke kin ji ta a haɗe?"

Na ce, "Na ji, a cikin jirgi."

"Inda gangar take tsayawa, muryar tana shigowa daidai?"

"Daidai take shigowa."

Ya gyaɗa kai. "Haka nake tunawa."

Ya ce in tafi tun da sauran rana, kuma in na fita kada in ja ƙofar da ƙarfi. Lambarsa ta daina shiga tun kafin mu isa filin jirgin Baiyun. Na tambayi 'yan zango a Kano, na tambaya a Guangzhou da na koma. Wani ya ce an kama shi an mayar da shi Gana, wani ya ce ya gan shi a wani gari gaba da Panyu, wani ya ce wane Baba Kumasi, ai suna da yawa.

Ni dai abin da na sani, ranar na sauko daga benen da takalmina a hannu, a kan yatsun ƙafa, don kada ya ji taku a matakala.